MAKARANTA TA WA CE? TSOKACI A KAN IKON MALAMI DA HAƘƘIN ALMAJIRI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fifita ɗan Adam da hankali, Ya kuma sanya ilimi ya zama amana a wuyan duk wanda ya ɗauke shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a cikin sanyin da ya wuce, wata rana bayan an sallame sallar Asuba, wani dattijo baƙo ya tare ni a ƙofar masallaci. Daga wani ƙauye na kudancin Damagaram ya fito, ya kwana a tasha. Ya ce shekara uku ke nan da ya kawo ɗansa mai shekara bakwai wurin wani malami a cikin garin nan, da allo, da tabarma, da ƙoƙon bara, da jaka biyu. Da ya gama kaka ya zo ganin yaron, sai ya iske malamin ya tashi zuwa wani gari da rabin almajiransa, ya bar sauran a hannun wani gardi, shi ma gardin ya kama gabansa. Kwana biyu muna cigiya kafin mu sami yaron yana wanke kwanoni wurin wata mai sayar da abinci. Da muka sa shi ya yi karatu, sai muka ga ya baro gida yana Sabbi, ga shi yau bai kai Amma ba.

Na tambayi dattijon ko yana so mu nemi malamin a zauna a yi magana. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta malam, ni ba ƙara na kawo ba. Ai ba a ƙarar malami. Tsoro nake kada albarkar yaron ta lalace."

Wannan magana ta dattijon ita ce ta hana ni barci, domin mutumin kirki ne, kuma abin da ya faɗa shi ne a zuciyar da yawa daga cikinmu. Saboda haka nake so mu dubi mas'alar a tsanake: shin girmama malami yana nufin kada a tambaye shi yadda yake riƙon amanar da aka ba shi? Makarantar nan ta wa ce, kuma wa ke da haƙƙin cewa a gyara?

YADDA MUKA GAJI MAKARANTA

Ƙasar Damagaram da malanta tare suka taso. Tarihin da ake bayarwa a fada ya nuna cewa kakan sarakunanmu malami ne wanda ya fito daga Barno a farkon rabin ƙarni na 18, kuma daga Barno muka ɗauki salon karatun Alƙur'ani, da ƙira'ar Warshu, da irin rubutun da alarammominmu ke yi har yau. Sarakunan Barno suna da al'adar rubuta wa gidajen malamai takarda da ake kira mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da fita yaƙi, domin su zauna su karantar. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, ayarin Arewa na sauka a Zango, na Kano na tahowa, littattafai da takardar rubutu suna shigowa tare da hajar fatake, malamai kuwa suna da matsayi a fada da kasuwa.

A wancan tsari malami shi ne komai na makarantarsa. Shi ke karɓar yaro, shi ke ɗora masa babbaƙu da farfaru, shi ke cewa ya wanke allo ko ya maimaita, shi ke cewa ya isa sauka. Babu aji, babu ƙararrawa, kowane almajiri da tafiyarsa gwargwadon ƙwaƙwalwarsa. Kolo yana ƙarƙashin titibiri, titibiri yana ƙarƙashin gardi, gardi yana fatan wata rana a kira shi alaramma ko gwani. Wanda ya sauke ya nufi zaure, sai ya fara da Ƙawa'idi da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala da Askari, in Allah Ya ja kwana ya kai Muhtasar, malam na karantawa jumla jumla yana fassarawa da Hausa.

Amma kuskure ne mu zaci cewa malamin da ba shi da kwamiti ba shi da mai sa masa ido. Malam yana zaune a unguwar da kowa ya san shi ya san ubansa. Yana da gona, almajirai na taya shi noma da damina, abin da aka girbe a cikinsa suke ci. Kowane almajiri yana da gidan da ake ajiye masa tuwon dare, da uwar ɗaki da za ta gane idan ya rame ko ya kwana biyu bai zo ba. Manyan malaman gari suna jin karatun ɗaliban juna a wurin darasu da ranar sauka, mai sakaci kuwa ba ya ɓuya. Unguwa ita ce majalisar makarantar, ko da yake ba a rubuta hakan a takarda ba.

Wannan katanga ita ce ta rushe. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, da yunwar 2005, sun karya ƙauyuka, sai iyaye suka riƙa turo ƴaƴa birni domin rage bakin ci kafin domin karatu. Gari ya faɗaɗa, gonakin gefensa suka zama filayen gini, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba. Malamin da a da yake da almajirai goma sha biyar da gona, yau yana da tamanin da kango na aro. Ikonsa yana nan yadda yake, idon da ke kansa kuwa ya tafi. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, mun ga yadda gwamnonin Arewacin Nijeriya suka riƙa loda almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, aka kuwa sami yaran da ba su iya faɗin sunan ƙauyensu ba.

HUJJAR MASU CEWA A ƘYALE MALAM

Adalci ya wajabta mu saurari masu wannan ra'ayi, domin ba da ka suke magana ba. Hujjarsu ta farko ita ce, ilimin addini daga ƙirji yake fita ya shiga ƙirji, kuma ɗalibi yana koyon yadda malaminsa ke alwala, da yadda yake haƙuri da talauci, da yadda yake amsa wa wawa, fiye da abin da yake koyo a allo. Wannan ba ya samuwa sai da sallamawa da ƙauna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bi Malam Jibrila ɗan Umar har Agadas, ƙanensa Abdullahi kuwa littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusuhi, domin ambaton malaman da ya yi karatu a wurinsu. Da sunan malami ake sanin ɗalibi, kuma wanda ya saba kallon malaminsa da idon tuhuma ba zai ƙaru da shi ba.

Hujjarsu ta biyu tarihi ne. A 1857 Gwamna Faidherbe ya kafa doka a Sanlui ta Senegal cewa ba mai buɗe makarantar allo sai da izinin hukuma, kuma manufar ita ce a karkata yara zuwa lakwal. A nan garinmu, Faransawa sun shigo a 1899, a 1906 kuma suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi ƙasar Kodibuwa tare da wasu manyan gari, ciki har da attajirin nan Malam Yaro. Tun daga lokacin, idan aka ce za a ƙidaya malamai ko a rubuta sunayen almajirai, sai gaban mutane ya faɗi. Ana kuma ruwaito cewa Halifa Haruna Rashidu ya nemi Imamu Malik ya riƙa zuwa masaukinsa yana karantarwa, Imam ya nuna masa cewa mai neman ilimi shi ke tashi ya je inda ilimi yake. Malamin da cinsa ke hannun mai mulki, harshensa ma yana can.

Hujjarsu ta uku ita ce ƙissar Annabi Musa da Halliru a cikin Suratul Kahfi, inda aka sharɗanta wa mai neman sani ya yi haƙuri kada ya yi tambaya har sai an yi masa bayani.

Hujja ta farko da ta biyu gaskiya ne, kuma duk gyaran da ya manta da su ɓarna zai zama. Ta ukun ce ba ta zauna a mazauninta ba. Halliru da umurnin Allah ya aikata abin da ya aikata, ba wani malami a yau da zai yi da'awar haka. Wanda ya karɓi sharaɗin kuwa Annabi ne babba wanda ya zo da ƙafarsa bisa zaɓinsa, kuma kafin su rabu sai da aka yi masa bayanin kowane aiki ɗaya bayan ɗaya. Yaro ɗan shekara bakwai bai zaɓi komai ba, bai ƙulla sharaɗi da kowa ba, ɗauko shi aka yi aka ajiye.

ABIN DA MALAMAN MAZHABARMU SUKA RUBUTA

Masu zaton cewa sa wa malami iyaka baƙon abu ne da Nasara suka kawo, su koma ga littafin Adabul Mu'allimina na Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, daidai da 870. Ubansa Sahnunu shi ne mai Mudawwana, saboda haka a tsakiyar gidan Malikiyya aka rubuta shi. Littafin ya ɗauki malamin yara a matsayin wanda aka ɗauka aiki bisa yarjejeniya da iyaye. Ya halatta masa karɓar ladan aikinsa. Ya wajabta masa daidaita ɗan talaka da ɗan mai kuɗi. Ya hana shi shagala da wata sabga a lokacin karatu, ya hana shi aiken yara cikin buƙatunsa. A wajen horo ya ƙayyade bulala uku, ba a wucewa sai da izinin uba, ba a bugun kai ko fuska, ba a bugu cikin fushi, ba a hana yaro ci da sha. Bayansa Abul Hasan Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya faɗaɗa waɗannan hukunce-hukunce a cikin nasa littafin. Malaman fiƙihu kuwa sun tabbatar da cewa malamin da ya wuce iyaka har ya raunata yaro, lamuni yana kansa.

To, ƙa'idar da ba mai tambaya a kanta, mene ne amfanin rubuta ta? Tun da aka ce sai da izinin uba, an tabbatar da cewa uba yana da magana. Tun da aka ce lamuni, an tabbatar da cewa akwai alƙalin da zai saurari ƙara.

Asalin kuskuren dattijon nan shi ne yadda ya fahimci albarka. Ya ɗauke ta tamkar wani abu da malam ya mallaka a aljihu, in ya ga dama ya bayar, in an ɓata masa ya hana. Albarka ta Allah ce, Yana sanya ta a cikin karatun da aka yi da gaskiya, da abincin da aka ci na halal, da amanar da aka tsare. Ana girmama malami saboda abin da yake ɗauke da shi, kuma abin da yake ɗauke da shi amana ne. Kowace amana kuwa tana da mai ita, wanda ke da haƙƙin ya ce a nuna masa kayansa. Malaman Hadisi sun binciki masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, suka ce wane amintacce ne, wane mai mantuwa ne, wane ba a karɓa daga gare shi, alhali cikinsu akwai masu tsayuwar dare da azumin nafila, kuma ba wanda ya kira wannan giba ko rashin ladabi. Sayyidina Umar ya riƙa bincikar gwamnoninsa a kan dukiya da yadda suke riƙon jama'a, alhali sahabbai ne. Idan bincike bai rage darajar sahabi ba, ba zai rage ta malamin unguwa ba. Malamin kirki ma shi ya fi kowa cin ribarsa, domin shi ne ake shafa wa kashin kaji idan wani ya yi ɓarna da sunan malanta.

HADDA KO FAHIMTA

Mas'alar iko tana tafe da ta salon karantarwa, domin ba za a iya cewa malami ya cika aikinsa ba sai an san mene ne aikin. Wannan gardama ma tsohuwa ce. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a cikin Muƙaddima cewa mutanen Magrib Alƙur'ani kaɗai suke koya wa yara har su ƙware, mutanen Andalus kuwa suna haɗa shi da Larabci da waƙoƙin Larabawa da kyautata rubutu. Ya ce na farko sun fi kowa hadda amma harshensu ba ya sakuwa a Larabci, na biyu sun fi fasaha. Ya kawo shawarar Alƙali Abubakar ɗan Arabi cewa a fara da Larabci da lissafi kafin Alƙur'ani domin yaro ya san abin da yake karantawa, ya yaba mata, amma ya nuna dalilin da ya sa jama'a ba su bi ta ba: tsoron kada yaro ya girma ya kuɓuce daga hannu bai sami Alƙur'ani ba. A wani babin ya yi gargaɗi cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara da kasala, domin wanda ke tsoron bulala yakan koyi ɓoye abin da ke zuciyarsa.

Ni na zauna a bakin wutar karatun dare, na kuma zauna a kan bencin madarsa, irin makarantun da aka fara da ta garin Sayi a 1957. A allo na sami hadda da ladabi da juriya, amma na sauke ban san ma'anar Fatiha ba. A madarsa na sami nahawu da lissafi da Faransanci, akwai rajista, akwai jarrabawa, akwai mai binciken makarantu da ke zuwa ba zato, amma na ga abokan da suka fita da takardar shaida ba sa iya ja wa mutane baƙi a Sabbi, na kuma ga malaman da idonsu ke kan agogo da ƙarshen wata. Kowane ɓangare abin da ya rasa yana hannun ɗan'uwansa.

Hadda a ƙuruciya ba zalunci ba ce, domin ƙwaƙwalwar yaro a lokacin take kamawa, kuma da haddar ne Allah Ya tsare Littafinsa a ƙasashen da takarda ke tsada. Zaluncin shi ne a tsaya nan. Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a 996, domin yara ya rubuta Risala, a koya musu aƙida da hukunci tare da haruffan Alƙur'ani, mu kuwa mun mai da ita littafin masu gemu. Kuma muna da abin da zai sauƙaƙa mana: harshenmu. Malaman zaure sun daɗe suna fassara da Hausa, a nan Zinder ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai karantar da yara da Hausa kafin Faransanci, a 1973. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ba wani uzuri da ya rage na barin yaro ya shekara biyar yana maimaita abin da ba a taɓa gaya masa ma'anarsa ba, ko ya fita bai iya karanta takardar asibiti ba, bai kuma da sana'ar da zai ci abinci.

ABIN LURA DAGA ƘASAR INDIYA

Wannan jarrabawa ba mu kaɗai ta sama ba. Mabiya addinin Hindu suna da tsoffin littattafai huɗu da suke kira Beda, cikin harshen Sanskiriti. Aƙidarsu dabam, tamu dabam, tsarin makarantarsu kawai muke dubawa. Makarantar ana kiranta gurukula, watau gidan malami. Yaro yakan tare a gidan shekaru da yawa, yana ɗebo ruwa da itace, yana fita bara ya kawo wa malaminsa, idan ya gama ya ba da kyautar sallama. Da baki suke ɗaukar karatun, suna maimaita shi kalma kalma, da bibbiyu, da gaba da baya, domin kada harafi ya sauya, har hukumar UNESCO ta sanya wannan salo cikin abubuwan gadon ɗan Adam a 2003. Aibin tsarin shi ne an taƙaita shi ga ƴaƴa maza na manyan dangogi.

Da makarantun Ingilishi suka mamaye ƙasar, sai wani malaminsu, Dayananda Saraswati, ya kafa ƙungiyar Ariya Samaj a 1875, yana kira da a koma ga Beda, a kuma buɗe karatunta ga mata da ƙananan dangogi. Bayan mutuwarsa mabiyansa suka buɗe makaranta a Lahor a 1886 mai bin manhajar gwamnati tare da darasin addini. A 1893 suka rabu biyu, kuma salon karatu yana cikin abin da ya raba su, kamar dai gardamarmu ta madarsa da allo. Ɓangaren da ke son tsohon salo, a ƙarƙashin Munshi Ram, ya buɗe Gurukul Kangri kusa da Haridwar a 1902. Sun riƙe zaman ɗalibi tare da malami, da hadda, da sauƙin rayuwa, amma suka ƙara lissafi da kimiyya cikin harshen Hindi, suka ɗora ciyarwa a kan gudummawar jama'a, suka kuma sa makarantar a ƙarƙashin majalisar ƙungiya. A 1962 gwamnatin Indiya ta ba ta matsayin jami'a.

Musulmin ƙasar ma sun yi irin wannan tun kafin su. Darul Ulum ta Deyoband ta fara a 1866 a harabar wani masallaci, da malami ɗaya da ɗalibi ɗaya. Waɗanda suka kafa ta, irin su Maulana Ƙasim Nanautawi, sun ƙi dogara da kuɗin gwamnati, suka jingina ta ga ƙananan sadakokin talakawa. Suka naɗa majalisar shura, suka raba aikin mai gudanarwa da na shugaban malamai, suka riƙa buga lissafin kuɗi kowace shekara kowa ya gani. Darasin da ke ciki shi ne, makaranta tana iya kuɓuta daga hannun mai mulki ba tare da ta zama mallakar mutum ɗaya ba, matuƙar jama'a sun yarda su ɗauki nauyinta.

RABON NAUYI

Amsar tambayarmu ita ce, makaranta amana ce da aka raba wa mutum uku, kowa da iyakarsa.

Na farko uba. A mazhabarmu ciyar da ɗa namiji da tufatar da shi suna kan ubansa har ya balaga yana mai iya nema. Miƙa yaro ga malami ba ya sauke wannan wajibi. Wanda ya kawo ɗansa, ya kawo hatsinsa, ya riƙa zuwa ko ya aiko, ya zauna ya saurari karatun yaron da kunnensa. Wanda ba zai iya ba, ya bar yaron a gabansa ya yi karatu wurin malamin ƙauyensu har ya yi wayo. Dattijon nan ma yana da nasa kason laifin, na kuwa gaya masa: shekara uku bai leƙo ba.

Na biyu malami. Abin da ya shafi ilimi nasa ne: wane littafi, wane salo, wa ya isa wanke allo, wa ya isa sauka. Attajiri ko ɗan kwamiti ba shi da bakin magana a nan, kuma idan za a auna karatun malami, alarammomi da malaman gari su ne za su auna shi, domin su suka san ma'aunin. A kansa kuwa akwai kada ya karɓi yaran da suka fi ƙarfin kunnensa da rumbunsa, ya rubuta sunan kowane yaro da na ubansa da garinsu, kada ya tashi daga gari sai ya mai da kowace amana ga mai ita.

Na uku mu, jama'ar masallaci. Kowane masallacin unguwa yana iya zaɓen dattawa uku ko biyar masu mutunci, aikinsu ya tsaya ga ci, da makwanci, da lafiya, da lissafin abin da aka tara, su kuma zama ƙofar da uba ko almajiri zai kawo kuka ba tare da tsoro ba. A nemi matan unguwa su shiga, domin su ne iyayen ɗakin almajirai tun asali, kuma Nana Asma'u ta nuna da ƴan taru cewa mata suna iya riƙe tsarin ilimi. Abin da ya kai ga rauni ko fasiƙanci da yaro ya wuce sulhun zaure, na hukuma ne, rufe shi kuma tarayya ne cikin zunubin. Sa'an nan mu ji kunyar abin da muke ba malamai. Mutumin da ke koya wa ƴaƴanmu maganar Allah, muna sallamarsa ranar Laraba da abin da ba zai sayi tiyar hatsi ba, sa'an nan mu yi mamaki don ya tura yara bara. Wanda bai biya ba, bakinsa ba ya ƙarfi wurin tambaya.

Akwai kuma maganar gado. Makarantu nawa ne a Birni da Zango suka watse ranar da aka yi addu'ar arba'in ta mai su? Gida da gona da littattafai dukiya ce, ana raba su bisa ƙa'idar gado. Buzun karantarwa ba dukiya ba ne. Idan ɗan malam ya cancanta, madalla, ya fi kowa dacewa. Idan bai cancanta ba, a zaunar da babban ɗalibi, kuma malam ya faɗi haka da bakinsa tun yana da rai, a gaban shaidu. Masu hali su yi hubusin fili ko gona da sunan makarantar, a rubuta, domin kada magada su sayar da ita ranar da suka matsu.

Yaron da na ba ku labarinsa yana nan a makarantar da ke jikin masallacinmu. Ubansa ya aiko da buhun gero, wani gida a unguwa ya ɗauki tuwonsa na dare, kuma kafin azumi ya wuce Amma. Shi kuwa malamin da ya tafi, mun aika masa da takarda cikin girmamawa, muna tambayarsa sauran yaran da ya bari, su nawa ne, kuma ƴaƴan su wa ne. Har yanzu muna jiran amsa, muna kuma roƙon duk wanda ya san wani yaro a irin wannan hali ya sanar da limamin unguwarsu.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka karantar da mu ba don abin duniya ba, Ya haskaka makwancinsu, Ya ƙarfafi waɗanda ke raye a kan gaskiya, Ya shirya mana zuriya, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da za a tambaye mu a kanta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman gafararsa.